Ina Man Birkin Fijo Yake Tafiya?

Abubuwa uku motar take yi da suka ɗaure wa kowa kai. Man birkinta yana raguwa a cikin kofinsa, amma ko ɗigo ba a gani a inda ta kwana. Baƙin man injin kuma ƙaruwa yake yi har ya haura layin sama na sandar awo, alhali babu wanda ya ƙara mata ko cokali. Na uku, in ta ɗan yi nisa sai ta fara shaƙewa, ta yi fizge-fizge ta mutu; a bar ta ta huta, a murɗa makulli, ta tashi lafiya ƙalau. Ban da waɗannan akwai wani farin hayaƙi da take fesowa ta salansa jefi-jefi, galibi in ana gangarowa daga gadar Pen Cinema, ko an ɗaga ƙafa daga totur za a shiga cunkoso.

Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, ta kawuna marigayi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana fataucin goro a Zangon Agege. A 1968 Faransa ta fito da wannan samfurin, a 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da daina yayinta. Goro da shanu da layin dogo su suka kafa Hausawa a Agege, amma daga baya hanyar mota ce ta riƙe zumuncinsu da gida: Badun, Ilori, Jebba, Mokwa, Tegina, Kaduna, Zariya, Kano. Fijo ce motar wannan hanya, kuma ta kawu ta sha ta ba adadi, zuwa biki da ta'aziyya da Sallah. Tun 2019 da ciwo ya kwantar da shi take jingine ƙarƙashin wata rumfar kwano, tankinta da rabin fetur. Da aka yi rabon gado ta faɗo hannuna, na ƙudura sai ta sake taka wannan hanyar.

Wani matashin bakanike ne ya fara tayar da ita. Ya sa batir da fulogai, ya wanke kafireta, ya juye baƙin mai, ya sa sababbin robobi a cikin mastan birki, ya fitar da iska. Ta tashi, ta yi ƙara mai daɗi, makwabta suka fara tambaya wane fenti za a yi mata. Sai ga waɗannan alamu sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

A majalisarmu ta bayan Magariba kowa da fassararsa. Wani ya ce yaran gareji ne ke zuƙe man birkin su sayar. Wani ya ce gasket ɗin kan injin ne ya ƙone, shi ya sa farin hayaƙi. Fassarar da ta fi shiga ran mutane ita ce mafi sauƙi: tunda wannan yana raguwa wancan yana ƙaruwa, ai man birkin ne ke zurarewa cikin baƙin mai. Da wannan na je wurin wani dattijon bakanike da ke aiki kusa da layin dogo, mutumin da hannunsa ya tsufa a kan Fijo. Yaransa Oga suke ce masa, ni kuwa Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mai ba shi da fukafukai. In ya bar kofi yana wani wuri. Amma kada ka haɗa mini cuta biyu ka ce ɗaya ce tun ba mu duba ba."

Ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Aka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe kwalin a bushe. Aka ɗaga ta a jak, aka cire tayoyin huɗu, ya bi bayan kowace da yatsa da tocila. Na gaba a bushe suke. A cikin gangar baya ta hagu akwai ɗan danshi, wanda ya ce tsohon gumi ne da bai isa ya shanye rabin kofi ba. Ya nuna mini wani abu a wurin ya wuce bai yi sharhi ba: ƙananan nonuwan da ake kwancewa a fitar da iska a ƙafafun baya tsatsa ta liƙe su, babu alamar sifana ta taɓa su cikin shekaru.

Daga nan ya koma kan baƙin mai. Ya zaro sandar awo, ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ɗiga shi a kan farar takarda. Ɗigon ya bazu da sauri ya yi da'ira mai faɗi, gefenta fayau. Ya miƙo mini sandar. Warin fetur ne, ba ya ɓuya. Da ruwa ne ya shiga, da man ya yi kalar shayi mai madara, kuma da ruwan lagireto ya ragu, ga shi kuwa yana nan cif inda aka bar shi. Nan zancen gasket ya faɗi, zancen man birki a cikin baƙin mai ma ya faɗi.

Hanya biyu ce fetur yake bi ya isa can. Ko kafireta ta riƙa ambaliya, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara ƙasa, ko kuma famfon mai ya fashe ta ciki. Motocin yanzu famfonsu na lantarki ne, yana cikin tanki. Na 504 mai kafireta a jikin injin yake ɗaure, injin ne ke tura shi, kuma abin da ya raba fetur da cikin injin wata fatar roba ce guda da ke motsi sama da ƙasa. Baba ya duba kafireta ya ga ba ta zubarwa, sai ya kwance famfon, ya buɗe shi, ya ɗaga fatar ta fuskanci rana. Haske ya ratso ta wata tsaga siririya. Kowane bugu na famfon, wani kaso na fetur yana tafiya kafireta, wani yana tsiyaya cikin baƙin mai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin man da fetur ya tsinka ba ya riƙe ƙarfe da ƙarfe, kuma da an kama hanyar Kano a haka da wuya injin ya wuce Ilori bai buga ba.

Wani makwabcin garejin ya dage cewa gurɓataccen fetur ne ya ci fatar. Yana da hujjarsa: a Fabrairun 2022 hukumomi sun sanar cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka cika gidajen mai a Legas da Abuja, kuma metanol yana cin roba. Sai dai motar kawu ba ta sha mai ko lita ɗaya a wannan shekarar ba, tana ƙarƙashin rumfa. Tsufa da zama ne suka busar da fatar, ranar da aka tayar da injin ta tsage. Muka sayo famfo a kasuwar Ladipo da ke Mushin, aka sake juye baƙin mai da matatarsa. Ƙaruwar ta tsaya.

Mun ɗauka mutuwar ma za ta tafi tare da tsohon famfon, tunda famfo mai tsaga ba ya kai mai yadda ya kamata. Ba ta tafi ba. A hanyar Iju ta sake shaƙewa. Baba ya fita da sauri ya buɗe murfin tanki yana kasa kunne, domin in ƙofar iskar tanki ta toshe, za ka ji ya ja numfashi da an buɗe. Shiru. Da muka koma gareji sai ya zuba fetur mai kyau a galan, ya ɗaure shi, ya jawo tiyo daga galan kai tsaye zuwa famfo, ya cire tankin motar daga lissafi gaba ɗaya. A haka ta yi zagayen da ya ninka wancan ba ta yi ko tari ba. Ciwon yana baya ke nan, tsakanin tanki da famfo.

Aka sauke tankin. Abin da ya fito daga cikinsa ja ne, da ɓawon tsatsa manya da ƙanana, a ƙasan bokitin kuma ruwa ya kwanta daban. Tankin da aka bari rabi yana shaƙar iska yana fitarwa tsakanin zafin rana da sanyin dare, iskar Legas kuwa jiƙe take kusan duk shekara. Raɓa ta taru a bangon ciki, ta gangara, kuma da yake ruwa ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe. A bakin bututun da ke zuƙo mai akwai 'yar raga. Muddin injin yana aiki, zuƙar tana jawo ɓawon tsatsar yana manne wa ragar, kamar yadda dusa ke toshe rariya in ana tankaɗe, har mai ya daina wucewa. Da injin ya mutu zuƙar ta saki, ɓawon ya zube ƙasa, hanya ta buɗe. Hutun da muke cewa motar tana so, wannan ne.

Yaran suka zuba tsakuwa mai kaifi a tankin suka yi ta girgizawa, aka ɗauraye, aka shanya har ya bushe ƙarƙaf. Baba ya hana a kusantar da shi wurin mai walda, domin tankin da babu fetur a ciki sai tururinsa ya fi cikakke haɗari. Aka sauya bututun mai na ƙarfe daga baya har gaba, aka sa tiyo wanda aka yi don fetur, ba irin na ruwa da wasu ke yankowa ba, aka ƙara matata mai gani-gar kafin famfo don ido ya riƙa shaida abin da ke wucewa. Wajen ɓalle maƙalan da suka riƙe tsohon bututun ne muka ga na birki da ke kwance kusa da shi. A sarari lafiyarsa lau, amma a ƙarƙashin kowane maƙali, inda laka da ruwan damina ke maƙalewa, ya yi ƙuraje ya sirance.

Saura biyu: man birki da hayaƙi. A nan ne Baba ya yarda a haɗa su, don sun yi tarayya a lokaci. Ya tambaye ni, "Hayaƙin nan, in ka taka totur yake zuwa ko in ka saki?" Na ce in na saki. Ya gyaɗa kai ya kwance fulogan huɗu ya jera su a kan bonet bi da bi. Biyu sun yi kalar ƙasa yadda ake so, biyu sun yi danshi da wani irin maiƙo. Ya bi da yatsa daga wajen waɗannan biyun har ya kai ga wani baƙin tiyo mai kauri da ya taso daga bututun shaƙar injin ya nufi wata baƙar tukunya da ke manne a bango, a bayan mastan birki.

Sarbo ke nan, mataimakin ƙafar direba. Injin fetur yana zuƙar iska kullum, sai aka ari wannan zuƙar ta wannan tiyo aka kai ta cikin tukunyar, inda take jan wata babbar fata ta ƙara wa takun direba ƙarfi. Zuƙar tana kai maƙura ne daidai lokacin da aka saki totur mota tana gudu, wato a gangara ko a bakin cunkoso. Baba ya zare tiyon. Iska kaɗai ya kamata a samu a ciki, amma cikinsa sharkaf. Ya tara 'yan ɗigo a murfin kwalba mai ruwa: da baƙin mai ne da ya taso sama, wannan kuwa ya narke ya bi ruwan. Ya shafa kaɗan a wani tsohon ƙyauren mota da ke jingine, kafin mu gama shan ruwa fentin wurin ya yi laushi. Man birki ne. Aka kwance noti biyu da suka riƙe masta, aka janye shi, bayansa a jiƙe. Ya zura waya mai tsumma cikin tukunyar, ta fito tana ɗiga.

Ashe duk man da muke nema yana tsiyaya ne ta robar ƙarshe ta masta, ya taru a cikin sarbo inda ido ba ya kaiwa, injin ya zuƙe shi ya ƙona, ya fita ta salansa. Yaran gareji sun fita daga zargi.

Ni a nan na ɗauka an gama, amma Baba bai gamsu ba. "Robobin nan sababbi ne," in ji shi. "Ruwa ba ya tsami banza." Ya zare cikin mastan, ya goge ramin, ya haska tocila. Bangon da ya kamata ya yi sumul ya yi ramuka-ramuka na tsatsa, musamman can ciki inda roba ba ta saba kaiwa ba. A tuƙin yau da kullum feda rabin hanya take tafiya. Ranar da ake fitar da iska ana taka ta har ƙasa, sai sababbin robobin suka bi ta kan wannan kaushin suka yayyage. Sabuwar roba a tsohon rami mai tsatsa asarar kuɗi ce.

To me ya kawo tsatsa a wurin da mai ke kwance dare da rana? Wani ɓangare na amsar a jikin man yake. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska a hankali, ta murfin kofi da ta jikin tiyo. Ma'aunin DOT 4 shi ne kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma in ya sha ruwa an yarda ya sauko har 155. Na DOT 3 daga 205 zuwa 140. Man da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, sai direba ya taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa ake cewa a juye shi duk bayan shekara biyu. Amma Baba ya ce ɓarnar da yake gani ta fi ta danshin iska. Ya tuna da nonuwan bayan nan da ba a taɓa ba: matashin ya same su a liƙe, ya ji tsoron kada su karye, ya fitar da iskar gaba kaɗai. Ke nan abin da ke cikin bututun baya tun zamanin kawu yake. Aka yanke bututun aka tara abin da ya fito a kwalba. Ruwa-ruwa ne, ja-ja. Baba ya toshe bakin kwalbar da babban yatsa ya girgiza, sai ga kumfa ta taso ta tsaya ba ta kwanta ba. Ya tsaga guntun bututun a tsaye, cikinsa ya fi wajensa ruɓewa.

Bai ce komai a kan kumfar ba, sai ya ce duk bututun birkin motar za a fitar, ba wanda za a bari. Na goyi bayansa ba tare da ciniki ba, kuma ina ganin duk mai gyaran tsohuwar mota nan ya kamata kuɗinsa na farko ya tafi, kafin fenti da kujeru. In aka taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikin siririn bututun nan ya ninka iskar taya sau talatin ko fiye, kuma ba ya fashewa sai a ranar da aka fi bukatarsa. Mutanen Legas ba su manta 28 ga Yunin 2018 ba, ranar da birkin wata tankar mai ya ƙwace a gadar Otedola, wuta ta cinye motoci fiye da hamsin da rayukan mutane. Birkin tanka na iska ne, ba irin na Fijo ba, amma titin ɗaya ne, kuma a Agege tsakanin bompa da mai tallan burodi ko ɗan makaranta taku biyu ne.

A Ladipo an nuna mana iri uku. Akwai na ƙarfe irin na asali, mai ƙarfi amma mai tsatsa. Akwai na jan ƙarfe zalla, irin na masu gyaran firji, mai arha da sauƙin lanƙwasa, wanda Baba ya ture gefe domin girgizar mota tana sa shi ya taurare ya tsage. Sai na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel, wanda ba ya tsatsa kuma yana jure girgiza. Kamfanin Volvo ya koma amfani da shi a 1976. Shi muka saya, mai kaurin milimita 4.75. Mun tafi da tsofaffin notocin a aljihu don a gwada zare da zare, domin leɓen da ake yi wa bakin bututu iri biyu ne, mai kumburi da mai ninki, kuma in aka sa wani a mazaunin wani zai ɗauru tsaf amma ya riƙa gumi. Baba ya shimfiɗa kowane tsohon bututu a ƙasa ya lanƙwasa sabon a kan siffarsa, ya sa roba a cikin kowane maƙali. Aka sauya tiyoyin roba na ƙafafu, da silindojin baya, da masta sabo dal, da sarbo na Beljiyam. Wajen fitar da iska aka fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, yaro a ciki Baba a ƙasa yana kira, "Taka! Riƙe! Saki!" har man ya fito garau. Sannan ya danne feda da dukkan ƙarfinsa ya riƙe, ba ta nutse ba. Ya tayar da injin ƙafarsa na kai, ta ɗan sauka kaɗan, alamar sarbo yana ja.

Kumfar ce ta rage, kuma amsarta ba a gareji take ba. Tsohon direban kawu yana nan da rai, yana zama a wata rumfar goro a Zango. Bayan Juma'a na je na gaishe shi, na ba shi labarin kwalbar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Ɗan nan, ruwan sabulu ne." Wani dare suna dawowa daga Kano, kafin su kai Mokwa, tiyon ƙafar baya ya fashe, man ya zube tas. Ba gari kusa, ba mai sayar da mai, ga iyali a mota. Ya naɗe tiyon da robar tayar keke da waya, ya kaɗa garin sabulun wanki a ruwa ya cika kofin, dabarar da direbobin hanya suka sani, suka lallaɓo a giya ta biyu har inda suka sami bakanike. Can aka sa sabon tiyo, aka cika kofi da man birki, suka kama hanya. Ba wanda ya ce a wanke bututun, shi ma bai san ana yi ba. Ban ga laifinsa a daren ba, ya fitar da mata da yara daga daji. Ɓarnar ta faru ne da safe, da aka zuba mai a kan ruwa aka rufe murfi, ruwan ya zauna a ciki shekara da shekaru yana ci.

Da na kai wa Baba labarin ya ce ya zata haka tun da ya ga kumfar, yana so ne a ji daga bakin wanda ya zuba. Ya sa yaro ya kawo farin fenti, ya rubuta wata da shekarar da aka zuba sabon man a cikin murfin bonet, ya ce in an cika shekara biyu in dawo a juye. Sannan ya tsuguna ya karanta lambobin da ke gefen tayoyin, ya ce kafin a yi zancen Kano sai an sauya duka huɗun har da safaya.